Korar Baƙo Ba Ta Taɓa Kawo Zaman Lafiya Ba



 An ce in yi magana kan zaman lafiya. Na san abin da aka saba ji a irin wannan taro: a ƙaro sojoji, a sayo jiragen yaƙi, a yi sulhu ko kar a yi. Maganganu ne masu nauyi, kuma a cikin ɗakin nan akwai waɗanda suka fi ni saninsu. Ni ta wata ƙofa zan shigo. Zan yi magana kan mutanen da rikici ya riga ya tasa daga gidajensu, da waɗanda neman abinci ya fitar, da kuma mutanen da suke sauka a wurinsu. Abin da nake so mu tafi da shi yau shi ne, yadda gari ya karɓi baƙonsa, da yadda hukuma ta tallafi garin da ya karɓi baƙo, yana cikin abubuwan da ke sa rikici ya tsaya inda ya faro, ko kuma ya bi mutane har inda suka gudu. Korar baƙo kuwa an gwada a kanmu, mu ma mun gwada a kan wasu, kuma sakamakon yana nan a rubuce.

Mu fara da lokacin da mu ne baƙin. Kakanninmu fataken goro sun bi hanyar Gwanja tun kafin Bature ya zo, suka kafa zango a Salaga, daga baya a Kumasi da Akra. Suka yi aure, suka hayayyafa, suka gina masallatai da rumfunan kasuwa. A ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Firayim Minista Kofi Busia ta fitar da doka cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama a Ghana ya tattara nasa ya nasa ya fita cikin mako biyu. Mako biyu fa! Mutumin da aka haifa a zangon Kumasi, wanda bai taɓa ganin Kano da idonsa ba, aka ce ya koma gida. 'Yan Najeriya fiye da 100,000 suka fito, yawancinsu Yarabawa 'yan kasuwa, da Hausawa, ga kuma mutanen Nijar da Togo da ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso. Gidaje da shaguna aka yi ta sayarwa a wulaƙance, wasu ma barinsu aka yi. Hujjar gwamnati ita ce baƙi sun cinye aiki, sun mamaye kasuwa, su ke kawo laifuka. To bayan sun fita, tattalin arzikin ya miƙe? Gonakin koko suka rasa 'yan ƙwadago, kasuwanni suka yi sanyi, kuma a watan Janairu 1972 sojoji suka kifar da Busia.

Ku lura da wani abu. Wata biyu kacal kafin wannan doka, a Satumbar 1969, shugabannin Afirka sun zauna a Addis Ababa sun amince da yarjejeniyar kare 'yan gudun hijira ta nahiyar, wadda ta ɗauki ba da mafaka a matsayin aikin zaman lafiya da jinƙai, ta ce kada wata ƙasa ta ɗauke shi a matsayin tsokana. Gaskiya ne 'yan kasuwan zango ba 'yan gudun hijira ba ne a idon doka. Amma ruhin da aka sa wa hannu a Addis Ababa bai kai Akra ba.

Shekara 13 bayan haka sai abin ya juyo. Kuɗin mai ya shigo Najeriya, 'yan Ghana suka kwararo: malaman makaranta, teloli, magina, masu gyaran takalma. Akwai dattawa a nan da malamin lissafinsu a sakandare ɗan Ghana ne. Da farashin mai ya faɗi, ma'aikatu suka fara rufewa, ga zaɓe ya matso, sai a watan Janairu 1983 Ministan Harkokin Cikin Gida Alhaji Ali Baba ya sanar cewa duk baƙon da ba shi da takardu ya fita. Wa'adin nawa? Mako biyu. Kamar an kwafo takardar Busia. An ƙiyasta kusan mutum miliyan 2 suka fita, kusan rabinsu 'yan Ghana, sauran daga Nijar, Chadi, Kamaru, Togo da Benin. Mutane suka yi cincirindo a tashar jirgin ruwa ta Apapa da bakin iyakar Seme, kuma da farko ita kanta Ghana iyakarta a rufe take, sai suka maƙale a hanya, wasu suka mutu a turmutsitsi da yunwa. Wannan jaka mai zanen ɗaki-ɗaki da suka zuba kayansu a ciki, ita muke kira Ghana Must Go har gobe. Mu 'yan siyasa ma mun fi kowa sanin jakar nan, sai dai mun mance da hawayen da ya raɗa mata suna. Kuma duk wannan ya faru ne shekara huɗu bayan ƙasashen ECOWAS, ƙungiyar da aka kafa a Legas a 1975, sun sa hannu a 1979 cewa ɗan yankin na iya shiga ƙasar maƙwabcinsa ya yi kwana 90 ba tare da biza ba.

Ɗaya daga cikin hujjojin da aka kafa a lokacin ita ce tsaro. Rikicin Maitatsine na Disambar 1980 a Kano ya ci rayuka fiye da 4,000, kuma Muhammadu Marwa asalinsa daga Kamaru yake, don haka aka ce baƙi ne matsalar. An kori baƙin a farkon 1983. A 1984 rikicin ya tashi a Jimeta. A 1985 ya tashi a Gombe. Gwamnatin da ta yi korar kuwa ba ta ga ƙarshen shekarar ba, ranar 31 ga Disamba 1983 sojoji suka karɓe. Su ma sojojin suka rufe iyakoki a 1984, suka sake wata korar a 1985, a daidai lokacin da fari ya kwantar da Nijar. Ku tambayi dattawan Maraɗi da Damagaram yadda suke tuna wannan shekara.

Bari in ɗan tsaya a kan wani labari da ya kamata kowane ɗan siyasa ya haddace. Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman shi ne shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Barno a jamhuriya ta biyu, ɗan jam'iyyar GNPP. Mutum mai baki, mai jama'a. A watan Janairu 1980 jami'an shige da fice suka ɗauke shi daga gidansa a Maiduguri, suka tsallakar da shi iyaka suka ajiye a Chadi, wai mahaifinsa ɗan Chadi ne, don haka shi ba ɗan ƙasa ba ne. Zaɓaɓɓen ɗan majalisa fa, ba wani mai tura baro ba. Aka je kotu a Maiduguri, kotu ta tabbatar ɗan Najeriya ne, ta soke korar, ta ce a biya shi diyya. Abin da labarin Shugaba ke koya mana shi ne, kalmar "baƙo" makami ce, kuma idan aka saba wasa ta a kan talakan da ya tsallako iyaka, wata rana a wuyan abokin hamayya za a ɗora ta. A yankin da kusan kowane gida na da kaka ko kawu a Nijar, Chadi ko Kamaru, wa zai tsira in aka fara wannan bincike? Har a zaɓuɓɓukan baya-bayan nan mun ji ana jifan manyan 'yan takara da cewa wannan ɗan Nijar ne, wancan ɗan Kamaru ne.

To yanzu mu dawo yau, mu tsaya a Maraɗi, domin a nan ne na fi so mu daɗe.

Tun daga 2019 mutanen Sabon Birni da Isa da sauran garuruwan gabashin Sakkwato, da na Zamfara da Katsina, suka fara tsallakawa Jamhuriyar Nijar saboda 'yan bindiga. A Satumbar wannan shekara hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce sun haura 40,000. A watan Afrilu 2020 kaɗai wasu kimanin 23,000 suka ƙaru, jimillar ta wuce 60,000, mafi yawansu mata da yara. Ba sansani suka tarar ba. Ƙauyukan Gidan Rumji da Madarunfa suka tarar, inda mai gida ya kwashe iyalinsa daga ɗaki ɗaya ya ba baƙi, aka buɗe rumbu tun kafin wata ƙungiyar agaji ta iso. Ku tuna wace ƙasa muke magana a kai: ƙasar da kullum take can ƙasa-ƙasa a jerin ci gaban al'umma na Majalisar Ɗinkin Duniya. Mutanen da su kansu hatsinsu ba ya kai su damina.

Me ya sa suka yi haka? Wani ɓangare na amsar yana cikin tarihi. Maraɗi gari ne na 'yan gudun hijira. Bayan jihadi, sarakunan Katsina na Haɓe da jama'arsu can suka koma suka kafa mulki, shi ya sa har yau Sarkin Katsina ake kiran sarkin Maraɗi. Gobirawa kuma bayan faɗuwar Alƙalawa suka yi ta yawo har suka kafa Tsibiri, daga Tsibirin ne wasu suka ɓalle suka kafa Sabon Birni. Akwai Sarkin Gobir a wancan gefe, akwai Sarkin Gobir a wannan gefe. Matar da ta gudo daga ƙauyen Sabon Birni da goyo a baya ta sauka a ƙasar Tsibiri, a takardar hukuma 'yar gudun hijira ce daga wata ƙasa, amma a wurin mai masaukinta 'yar dangi ce, zanen fuskarsu ma iri ɗaya. Layin da Turawan Ingila da na Faransa suka ja tsakaninsu bai daɗe da cika shekara 100 ba, zumuncin kuwa ya girme shi nesa ba kusa ba.

Amma kar mu ruɗi kanmu da daɗin baki. Zumunci yana buɗe ƙofa a daren farko, ba ya cika rumbu a wata na shida. An ce baƙo raɓa ne, to wannan baƙon raɓarsa ba ta bushewa da hantsi, shekaru yake yi. Ga yadda abin yake lalacewa, kuma kusan ko'ina hanya ɗaya yake bi. Rijiyar da ke shayar da gida 200 ta koma shayar da 600, mata suka fara cacar baki a layin ruwa. Itacen girki ya yi nisa, yara mata na tafiya mai tsawo cikin daji, mai gona ya tarar an sassare masa bishiya. Tiyar gero ta tashi a kasuwa. Ɗan ƙwadagon gari ya tarar baƙo na karɓar rabin kuɗin da shi yake karɓa, don shi baƙon yunwa ce ke masa ciniki. Sannan babbar: motar agaji ta shigo, ta kira masu kati, ta ba su buhu da man girki, mai masaukin da ya ciyar da su wata uku daga rumbunsa yana tsaye yana kallo, shi ba shi da kati. Ranar nan ake shuka ƙiyayya. Ba mugun mutum ba ne, an dai nuna masa cewa alherinsa asara ce.

A Minawawo da ke arewacin Kamaru, sansanin da aka buɗe a 2013 don mutanenmu na Gwoza da Bama da Banki, wanda ya zo ya ɗauki mutum fiye da 70,000, itacen girki ne ya kusa haɗa baƙi da 'yan gari faɗa, domin an share dajin da ke kewaye. Sai da aka koma dashen itatuwa da yin gawayi daga ɓawon gyaɗa da karan amfanin gona, ana sa 'yan sansani da 'yan gari a aiki ɗaya. A Maraɗi kuwa sai aka ɗauki wata dabara. Maimakon a killace mutane a sansani, aka matsar da su nesa da bakin iyaka zuwa wasu ƙauyuka, Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, aka kuma ce duk abin da za a gina na kowa ne: rijiyar burtsatse, aji, ɗakin shan magani, kasuwa. Ɗan gari ya ga cewa zuwan baƙo ya kawo masa ruwan famfo da bai taɓa samu ba. Ban ce an gama da matsala a can ba, 'yan bindigar ma suna tsallakawa su kai hari cikin Nijar ɗin, kuma dubban 'yan ƙasar su ma sun bar gidajensu. Amma tunanin daidai ne: ka tallafi mai masauki tare da baƙonsa, sai ya zamana babu wanda ke ganin ɗan uwansa a matsayin mai cin rabonsa.

Kuma ina so mu tuna da kunya ɗaya. A watan Agusta 2023, bayan juyin mulkin Yamai, an rufe iyaka, an yanke wutar lantarkin da Najeriya ke ba Nijar, har ana maganar kai yaƙi. Farashin abinci da magani ya yi tashin gwauron zabo a garuruwan da ke riƙe da mutanenmu. Duk tsawon watannin nan 'yan gudun hijirarmu suna can zaune a Maraɗi da Diffa, suna shan ruwan rijiyoyin mutanen da muka rufe wa ƙofa. Kowa na da ra'ayinsa kan sojojin Nijar, ba shi na zo tattaunawa ba. Magana nake kan talakan Gidan Rumji.

Yanzu ga tambayar da na san tana cin wasu a rai: to idan akwai infoma a cikinsu fa? Idan ɗan ta'adda ya saje da masu gudu? Tambaya ce ta gaskiya, kuma ya faru. Bama-baman da suka tashi a wasu sansanonin Barno ba daga sama suka faɗo ba. Amma ku dubi abin da zargin jimla yake haifarwa. A 2017 ƙungiyar Human Rights Watch ta ce sojojin Kamaru sun tiso ƙeyar 'yan Najeriya aƙalla 100,000 tun daga 2015, da sunan tsaro, aka maida su garuruwan da ba abinci ba kariya. Ina saurayin da aka jefar a irin wannan wuri zai nufa? Wa ke jiransa da bindiga da alkawarin abinci? A yammacin arewa ma mun ga haka da idonmu. Lokacin da 'yan sa-kai suka fara kama duk Bafulatanin da ya shigo kasuwa, wanda ya yi laifi da wanda bai yi ba, rugage da yawa sun watse. Shi ma Bafulatanin da aka sace wa shanu, aka ƙone masa ruga, ɗan gudun hijira ne. Sai dai shi babu garin da ke buɗe masa ƙofa, babu mai rubuta sunansa a takardar agaji. Gari ya rufe, daji ya buɗe. Duk wanda ke neman dalilin da ya sa dajin bai ƙarewa da mutane, ya sa wannan a lissafinsa.

Maganin zargi kuwa muna da shi tun kaka da kakanni. Baƙo in ya sauka, mai masaukinsa yakan kai shi wurin mai unguwa, a san daga ina yake, wa ya san shi, me ya kawo shi. A zangunan fatake akwai Sarkin Zango, akwai fatoma da ke tsaya wa baƙo, in ya ci amana shi za a tuhuma. Tsari ne da ke tantance mutum ɗaya-ɗaya, kuma yana ba baƙon kirki wanda zai tsaya masa. Baƙon da aka karɓa da mutunci shi ne farkon wanda zai raɗa wa mai unguwa cewa wane da ya shigo jiya ba mutumin arziki ba ne, domin shi ya san fuskokin da suka ƙone garinsu. Wanda aka wulaƙanta kuwa bakinsa zai ja ya yi shiru.

A cikin gida ma muna da misalan da ya kamata a riƙa faɗa. Lokacin da Bama da Gwoza da Mubi suka faɗa hannun Boko Haram a 2014, mafi yawan waɗanda suka gudo Maiduguri da Yola ba a sansani suka zauna ba, a gidajen mutane suka zauna. Ƙaramin ma'aikaci mai ɗaki biyu ya wayi gari da mutum 20. Barista Zannah Mustapha ya buɗe makarantar marayu a Maiduguri tun 2007, ya zaunar da 'ya'yan sojojin da aka kashe da 'ya'yan mayaƙan da aka kashe a benci ɗaya, kuma a 2017 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabo ta Nansen. A Yola, Bishop Stephen Mamza ya buɗe harabar majami'ar Katolika ga dubban masu gudu, daga baya ya gina musu gidaje, ya kuma gina wa Musulmin cikinsu masallaci. A 2018 a ƙasar Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye Kiristoci fiye da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa. Mutanen da aka ɓoye ran nan, da 'ya'yansu, zai yi wuya wani ɗan siyasa ya zo ya sayar musu da labarin cewa duk Musulmi maƙiyinsu ne.

Mu kuma juya madubin. A watan Maris 2025 an tare matafiya a Uromi ta Jihar Edo, mafarauta 'yan arewa da ke hanyar komawa Kano yin salla, aka kashe 16 daga cikinsu bisa zargin masu garkuwa da mutane ne. Duk mun yi kuka, kuma ya cancanci kuka. Miliyoyin 'ya'yanmu na can kudu suna ci-rani, masu acaba, masu sayar da ruwa, masu gadi, masu yankan farce, ransu yana hannun yadda mutanen can suka ɗauki baƙo. Amma a watan Yuni 2017 a Kaduna wasu ƙungiyoyin matasanmu ne suka ba 'yan ƙabilar Ibo wa'adin barin arewa kafin 1 ga Oktoba, kuma an samu masu tafi. Allah ya sa aka janye. Wanda ya tafa wa wancan wa'adi bai san cewa wuyan ƙaninsa da ke Onica yake wasa wa wuƙa ba. Haka a Sudan. Bayan yaƙin Burmi na 1903 da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a gabas har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu, garin na nan da sunansa. Hausawa sun yi noma a can, sun yi aikin audugar Jazira, sun haifi 'ya'ya da jikoki. A Yulin 2022, bayan fiye da ƙarni guda, rikici ya tashi a Jihar Shuɗin Nilu kan filaye da sarauta, aka ce musu baƙi ne ba su da ƙasa, mutum fiye da 100 suka mutu, a Oktoba aka sake. Idan abin ya yi mana ciwo a can, sai mu duba yadda muke kiran wanda kakansa ya zo garinmu shekara 80 da suka wuce.

To mu da muke siyasa, mene ne namu? Abu na farko mai ɗaci ne: ɗan gudun hijirar da ke Maraɗi ko Minawawo ba shi da ƙuri'a, domin dokarmu ba ta ba wanda ke wajen ƙasa damar zaɓe ba. Wanda ke cikin gida kuma, duk da hukumar zaɓe ta fara shirya musu wuraren jefa ƙuri'a tun 2015, da yawa katinsu ya ƙone tare da ɗakinsu. Wanda ba shi da ƙuri'a kuwa mun san yadda muke yi da shi. Sai lokacin rabon shinkafa a zo da masu ɗaukar hoto.

Ku zaga Gusau, Sakkwato, Katsina. Matan da kuke gani a bakin titi da yara, waɗanda ke kwana a kangaye da gine-ginen da ba a ƙarasa ba, yawancinsu shekara biyar da suka wuce suna da rumbu da awaki. Jihohinmu na yamma ba sa son a ce suna da sansani, wai abin kunya ne, sai aka bar nauyin a kan talakan unguwa ba tare da an kira shi da sunansa ba. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Kampala ta 2009 kan waɗanda rikici ya raba da gidajensu a cikin ƙasarsu, kuma yarjejeniyar ta ambaci al'ummar da ta karɓe su a cikin waɗanda za a duba buƙatunsu. Ga shi kuma agajin waje yana janyewa. A 2025 Amurka ta zaftare tallafinta, har Hukumar Abinci ta Duniya ta yi gargaɗin cewa za ta dakatar da ciyar da mutum miliyan 1.3 a arewa maso gabas. Wanda ke jiran Bature ya zo ya ɗauke masa wannan kaya, ya daina jira.

Abin da nake roƙo ba ya buƙatar sai mun kafa gwamnati a Abuja. Kansila na iya zama da masu unguwanni a rubuta gidajen da ke riƙe da baƙi a mazaɓarsa, gida nawa, mutum nawa, daga ina, don in rabo ya zo a lissafa da mai masauki. Ciyaman na iya zama da hakimi a samo aron gona na damina ɗaya ko biyu, a rubuta a takarda, kowa ya san aro ne, don kar gobe ya zama shari'a. Manomi ne fa, fartanya yake nema, ba layin karɓar tiya ba. Hedimasta na iya karɓar yaro ba tare da ya ce sai an kawo takardar makarantar da aka ƙone ba. Ɗan majalisar jiha in zai haƙa rijiyar mazaɓa, ya kai ta unguwar da layin ruwa ya ninka. Idan kuma gwamnati ta tashi maida mutane garuruwansu, kamar yadda Barno ta fara rufe sansanonin Maiduguri tun 2021, a tabbata da yardarsu ne kuma wurin ya zaunu, domin wanda aka maida ya sake gudowa ya fi na farko fushi. 'Yan Kamarun da ke zaune a Ogoja da Binuwai da Taraba tun rikicin yankin masu Turancin Ingilishi na 2017, su ma amana ce a hannunmu, kamar yadda namu suke amana a hannun wasu.

Sai na ƙarshe, wanda ya shafi mu da ke riƙe da waya. Lokacin kamfe na zuwa. Za a turo muku hoton wasu mutane a bayan tirela a ce ga baƙin haure an shigo da su yin zaɓe, ko ga 'yan ta'adda sun sauka a unguwa kaza. Kafin ka tura wa wani, ka kira mai unguwar wurin ka tambaya. Shafukanmu na Facebook da zaurukan WhatsApp suna kai wa dubban mutane cikin minti kaɗan, kuma jita-jita irin wannan ce ta tara mutane a kan matafiyan Uromi. Ina ba shugabannin wannan tafiya shawara a sa shi cikin ƙa'idar masu kula da shafukanmu, a rubuce, cewa ba a wallafa irin wannan hoto sai an san inda aka ɗauke shi da ranar da aka ɗauka, ko da kuwa zai ɓata wa abokin hamayya suna.

 Shugaba, na dawo maka da abin magana, in akwai tambayoyi ina nan.